Babi na Shida: Rabonka a Jikin Jinga

Sau biyu ake yi mana sabuwar shekara a ƙasar Hausa, ɗaya a watan Muharram, ɗaya a watan Janairu, kuma a 'yan shekarun nan kowace ta zo sai ta taho da guguwar alƙawura. Wayoyi su cika da saƙonni. Wannan ya ce bana zai dinga sauke Alƙur'ani duk wata, wancan ya ce shi da lemon kwalba har abada, wata ta ƙudurta zubin adashi ba fashi, ɗalibi ya rantse ya daina raba dare a Facebook. Duk niyyoyi ne na alheri, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai in ka jera su ka duba, za ka ga kowanne daga kan mai shi ya fara, a kansa kuma ya tsaya: jikina, aljihuna, karatuna. Tunda ba mai jiran cikarsa sai wanda ya ɗauke shi, ranar da aka yar da shi ba wanda zai sani, balle ya tambaya.

A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Scranton ta Amurka, John Norcross, ya bi sawun mutum 200 da suka yi irin wannan ƙuduri na sabuwar shekara. Bayan mako guda, kashi 77 cikin ɗari suna nan a kan bakansu. Bayan shekara biyu saura kashi 19. Mutane sukan karanta wannan su ce ai ɗan Adam ke nan, ba shi da juriya. Ni ban yarda laifin juriya ba ne kaɗai, domin na san inda mutanen nan namu, masu rauni irin na kowa, suke riƙe alƙawari shekara da shekaru ba tare da sun rubuta shi a takarda ba. Wurin shi ne Haɗeja da ƙauyukan fadamarta.

Sai an san kogin kafin a gane mutanen. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan ruwan ya ɗauki sunan Haɗeja, ya gangara ta Ringim da Miga da Auyo. Yana isa ƙasar Haɗeja sai ya tarar da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa wadda ba ta da gangara, ga tsofaffin tuddan yashi a kwance a gabansa. Dole ya rage gudu ya rarrabu: wani reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya riƙe tsohuwar hanya, can gaba kuma ya sake rabuwa gida biyu, Burum Gana da Marma, ita Marma ta nufi tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga cikin ruwan yakan sadu da na kogin Jama'are kafin Gashuwa, su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Tsakanin waɗannan rassa akwai fadama mai faɗin gaske, wadda ta ratsa Guri da Kirikasamma har cikin Yobe.

A zamanin kakanni, wannan fadama da ambaliya take rayuwa. Ruwa ya zo a watan Agusta da Satumba ya shanye ƙasa, kifi ya bazu ya yi ƙwai, shinkafa ta tashi tare da ruwan. Kaka ta yi, ruwa ya fara ja da baya, manomi ya bi sawunsa yana shuka wake da rogo a danshin da ya bari. Rani ya tsananta, Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa su bar taki. Fili guda ya ciyar da masunci da manomi da makiyayi a cikin shekara ɗaya, kowa da lokacinsa. Irin wannan zama ba ya yiwuwa sai da ƙa'ida, shi ya sa akwai sarkin ruwa da ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su, akwai bulama da ke sanin iyakar gona da burtali da mashaya. Wanda ya shiga tafki kafin ranar, haƙƙin gari ya ci, kuma gari ne zai tuhume shi.

Daga baya aka datse kogin daga sama. An kammala madatsar Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Gwamna Audu Bako, sannan ta Challawa a 1992. Amfaninsu a fili yake: birnin Kano na shan ruwa, Kadawa da Kura na noman rani, Auyo ma ta samu nata aikin ban ruwa. Amma kogi ya canza hali. Babbar ambaliyar da ke wanke hanyoyin ruwa duk shekara ta ragu, yashi da laka suka fara taruwa. Kogin da a da yakan ƙafe da rani har yara su yi wasa a cikinsa, yanzu ana sako masa ruwa kusan duk shekara. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi lissafi, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a fadamar Haɗeja da Nguru yana samar da dukiyar da ta ninka ta wanda aka karkatar zuwa manyan gonakin ban ruwa sau da yawa, in aka haɗa shinkafa da kifi da itace. Lissafin ya zaga duniya, amma bai canza yadda ake sakin ruwan ba.

A cikin wannan sabon yanayi kachala ta samu gindin zama. Duk wanda ya bi hanyar Haɗeja zuwa Nguru ya gan ta: ciyawa ce doguwa da ta fi mutum tsayi, koriya shar, ta rufe ruwa iya ganinka. Abin da take so shi ne ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa, kuma shi madatsun suka ba ta. Saiwarta na tafiya a ƙarƙashin laka tana fitar da sababbin tsirrai, furenta kuma in ya bushe iska na kwasar irinsa kamar auduga. Inda ta kafu ruwa ba ya wucewa, laka ta ƙara taruwa, ita kuma ta ƙara samun wurin zama. Kwale-kwale ba ya ratsa ta, koma ba ta shiga. Sauro ya samu gida, haka ma dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Sannan ga jan-baki, tsuntsayen da ke kwana a cikinta dubbai, gari na wayewa su sauka a gonar shinkafa ko gero, kafin hantsi sun yi ɓarnar da manomi zai yi shekara yana jin ta a rumbunsa. Da kachala ta toshe tsohuwar hanyar kogi da Burum Gana, ruwa ya koma bin Marma, gonakin da ke wannan ɓangare suka zama tafki na dindindin, waɗanda ke ɗaya ɓangaren kuma suka koma jiran ruwan da ba ya zuwa. Ƙauye biyu da tazararsu ba ta fi tafiyar yini ba, ɗaya na kukan ruwa ya cinye shi, ɗaya na kukan ƙishirwa.

To, yaya mutum ɗaya zai yi da wannan? Ko da ya fi kowa himma, ya sare kachalar da ke gaban gonarsa tas, in na sama da na ƙasa ba su sare tasu ba ruwa ba zai motsa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka aikin na gayya ne tun asali, kuma aiki ne mai cin rai. Maza su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su jeru kafaɗa da kafaɗa. Ba a sama ake yanka ba, sai an dulmiya hannu an yanke ta a ƙarƙashin ruwa, domin ta cikin ganyenta take shaƙar iska, in aka bar kututturen a nutse sai ya ruɓe. In kuwa aka yanka a sama, kafin wata ya zagayo ta dawo. Ganyen na yanka fata, matsattsaku na kama ƙafa, ga tsoron maciji. Na baya su ja abin da aka sare su tura gefe, wasu su hau kwale-kwale su tattara. A bakin gaɓa mata sun kawo kunu da fura, dattijon da ƙarfinsa bai kai shiga ruwa ba yana zaune yana wasa laujuna a kan dutse. Yini guda na mutum hamsin ko ɗari zai iya buɗe 'yar tazara ce kawai, amma da yamma in aka tsaya aka ga tsinken da aka jefa a ruwa ya fara tafiya, kowa ya san guminsa bai faɗi a banza ba.

A shekarun farko na wannan ƙarni, wani shiri da hukumar raya ƙasashe ta Birtaniya ta ɗauki nauyinsa ya yi aiki da ƙauyukan yankin, kuma abin da ya fi fitowa fili a cikinsa shi ne cewa mutanen da kansu suka haɗa ƙauye da ƙauye, suka yi karo-karo, suka buɗe hanyoyin ruwan da suka yi shekaru a toshe, wani wuri da hannu, wani wuri da injin haƙa. Ruwa ya sake isa wuraren da aka cire rai da shi. Darasin da ya biyo baya ya fi ɗaci: inda aka buɗe aka tafi aka bari, kachala ta koma gidanta. Aikin ba na shekara ɗaya ba ne, na kowace shekara ne.

Fuskar gayya ta biyu ita ce wadda 'yan jarida suka fi sani, wato ta jinga. A daminar 2020, da kuma ta 2022 wadda ambaliyarta ta ci rayuka fiye da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, ruwa ya zo bakin garin Haɗeja ya tsaya yana neman hanya. Abin da ya shiga tsakaninsa da gidajen mutane tudun ƙasa ne da buhunan yashi, da kuma mutanen da suka hana idonsu barci. A irin waɗannan darare ana sanarwa a masallatai, matasa su fito daga Gagulmari da Matsaro da Yankoli da Dubantu, har da unguwannin da ke kan tudu waɗanda ruwan ba zai fara da su ba. Wani na riƙe da bakin buhu, wani na zuba yashi da shebur, wani na ɗaurewa, sauran sun yi layi buhu na bin hannu zuwa hannu har inda ake jerawa. Mai tifa ya kawo yashi, ɗan kasuwa ya aiko da buhuna, gidaje su aiko da tuwo. Masu tocila na bin jingar suna duba bayanta, domin ba ta sama ruwa ya fi cin amana ba, ta ƙasa yake tsattsafowa, ta ramin ɓera ko na gara. In aka ga laka na ɓulɓulowa sai a ƙwala kira, kafin ka ce kwabo an rufu a wurin. Za ka ji yaro na ce wa sa'an mahaifinsa, Baba ku hau sama ku huta, mu za mu ƙarasa, shi kuma ya ce Allah ya yi muku albarka, amma bai tafi ba.

Me ya sa saurayin da ya kasa riƙe alƙawarin tashi da asuba ya yi motsa jiki na sati biyu, yake iya kwana bakwai a kan jinga? Ba don ya zama wani mutum daban ba ne. A kan jinga akwai mai jiransa. In ya saki layi, hannun da ke gabansa zai miƙo ya tarar da wayam, kuma mai hannun ya san sunansa da na ubansa. Lokacin aikin ma ba shi ya zaɓa ba balle ya ɗage shi zuwa wata mai zuwa, kogi ne ya yanka. Sakamakon kuma ido na ganinsa: ko ruwa ya shiga gari ko bai shiga ba. Alƙawarin da mutum ya yi wa kansa a ɗaki ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Malamanmu sun daɗe da ba irin wannan aiki matsayinsa a babin farilla ta kifaya, wadda in wasu suka tsaya mata an ɗauke wa kowa, in kowa ya zuba ido kuma laifin ya hau kan kowa. Mun fi tuna wannan hukunci a wajen jana'iza. Gyaran jinga da yashe magudana da kare mashaya suna da kaso a cikinsa, tunda rai da dukiyar jama'a ake tsarewa.

Duk da haka akwai abin da ke damuna game da gayyar ambaliya, kuma ƙaunar mutanen ce ta sa zan faɗe shi. Gayya ce ta firgici. Ruwa na ja da baya a watan Oktoba sai kowa ya koma harkarsa, buhunan su ruɓe a rana, shanu da babura su tattake jingar, wani ma ya zo ya ɗebi ƙasarta ya yi bulo. Ba a sake waiwayarta sai wata daminar ta kawo ruwa iya wuya. Alhali lokacin da jinga ke son hannu shi ne rani, sa'ad da ƙasa ta bushe za a iya ɗora mata sabuwa a daddaɓe, a toshe ramuka, a dasa mata abin da zai riƙe ta. Yankan kachala ma a rani ya fi yiwuwa, lokacin da ruwa ya yi ƙasa. Wato watannin Janairu zuwa Afrilu, daidai lokacin da alƙawuran sabuwar shekara ke zubewa ɗaya bayan ɗaya, su ne watannin da fadama ta fi bukatar mutane, kuma su ne watannin da ba a ganin kowa. Wanda ke neman abin da zai ɗaura wa kansa a farkon shekara, ga shi nan a ƙofar gida. Ya je wurin mai unguwa ko bulama ko shugaban ƙungiyar matasa ya ce, ranka ya daɗe, a rubuta ni, daga nan zuwa can a jikin jingar nan rabona ne ni da mutanen layinmu, duk Asabar ɗin farkon wata za a same mu. Haka aka riƙa gyaran ganuwa a biranen Hausa bayan damina, kowace unguwa da nata yanki, ko da yake a wancan zamani akwai tilas a ciki. Yau ba mai tilasta kowa, shi ya sa furta alƙawarin a gaban mutane yake da muhimmanci: kunyar idon jama'a na riƙe mutum a ranar da himmarsa ta yi sanyi.

Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe rayuwarta tana nazarin yadda talakawa ke kula da dukiyar da suka yi tarayya a kanta, daga makiyayan tsaunukan Suwizalan zuwa manoman ban ruwa na Sifen da Nepal. Ta samu cewa inda abin ya ɗore, an san su wane ne masu haƙƙi, su suka tsara ƙa'idar da kansu, akwai masu sa ido daga cikinsu, kuma horon mai saɓawa na farawa ne da sauƙi kafin ya yi tsanani. Sarkin ruwan da ke fadamar Guri bai karanta littafinta ba, amma zai gane kowace gaɓa a ciki. Holan ma, ƙasar da wani babban yankinta ke ƙasa da teku, tun ƙarni na 13 manomanta suka kafa majalisun kula da jinga, kuma har yau ana zaɓen mambobinsu, suna karɓar harajinsu na kansu. Abin da ya bambanta su da mu ba ƙarfin zuciya ba ne. Sun mai da aikin daren firgici ya zama aikin kowane wata, mai littafi da ma'aji da ranar taro.

Akwai kuma wani tarko a cikin maganar amfanin jama'a wanda kogin Haɗeja ke tona shi fiye da kowane wuri da na sani. Wace jama'ar? Ruwan da jingar garinku ta tare bai ɓace ba, wani garin ya nufa. Ƙauyen da ya haƙa 'yar hanya ya jawo ruwa zuwa gonakinsa na rani, ya rage wa na ƙasa da shi, wani lokaci kuma 'yar hanyar ta faɗaɗa ta zama kogi ta cinye gonakin waɗanda suka haƙa ta. Manoman da suka haɗa kai suka shinge fadama har bakin ruwa sun yi gayya, amma sun toshe wa makiyayi mashaya, kuma rikicin da ake yawan yi a Guri da Kirikasamma lokacin kaka yana da saiwa a nan. Haɗin kan da ya tsaya a iyakar ƙauye zai iya zama son kai na taron mutane. Don haka wanda ya ɗauki rabonsa a jinga, sai ya haɗa da zama a taron da za a saurari mutanen ƙetaren kogi, da Fulanin da ke zuwa da rani, da matan da ke sana'ar kaba da bandar kifi waɗanda ba a cika kiransu ba.

Zaren ya wuce masarautar Haɗeja da ƙananan hukumominta takwas. Mutumin Kano da ke buɗe famfo, da mai masana'antar fata a Challawa ko Sharaɗa da ke sakin dagwalo a kogi, da manomin shinkafa a Kura da ke barin ruwa na kwarara dare da rana, duk suna da hannu a abin da ke isa Haɗeja da Gashuwa, ko sun taɓa taka can ko ba su taɓa ba. Wannan ne ya sa a 2006 aka yi taron ƙoli a Damaturu, inda jihohi shida da kogunan suka ratsa, Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato, suka amince da kafa asusu guda na kula da ruwan. Tunanin daidai ne, domin kogi bai san iyakar jiha ba. Mai karatu da ke Katsina ko Zariya ko Maraɗi, wanda ba shi da kogi a bayan gida, yana da kwatar da ke cika da leda, da maƙabartar da katangarta ta faɗi, da rijiyar burtsatsen da ta lalace kowa na jiran wani ya gyara, da makarantar unguwa da iska ta yaye wa rufi. Ya zaɓi ɗaya, ya nemi mutum biyar, su sa rana.

Ba na so a fahimci cewa lauje da buhun yashi za su ɗauke wa hukuma nauyinta. Yashe babban kogi aikin inji ne, kuma bayan ambaliyar 2020 gwamnatin Jigawa ta sayo injunan haƙa masu tafiya a kan ruwa don wannan aiki. Babbar magana kuma tana can a bakin madatsun, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Masana ruwa sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwan Tiga da Challawa ta yadda zai yi kama da halin kogin na asali: a sako isasshe da damina a kan tsari, da sanarwa tun da wuri, don ya wanke hanyoyi ya shayar da fadama, a kuma rage shi na wani lokaci da rani don kachala ta ji ƙishirwa. Yin haka na bukatar manoman rani na Kura da na Auyo, da hukumar ruwan sha ta Kano, da masunta da makiyayan fadama su amince da jadawali ɗaya, kowa ya rage wani abu daga son ransa. Ƙauyukan da suka saba fitowa gayya da rani, masu shugabanni da littafin suna da asusu, su ne ke iya tura wakilai irin wannan zama su yi magana a saurare su, su kuma koma gida su tabbatar an kiyaye abin da aka yanke. Zaman kuwa kafin bazara ya kamata a yi shi, tun madatsun ba su cika ba.